A kawo mana manhajar rubutu a waya da burauza, amma da saiwarta

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri a gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon a ba ni fili in taɓo wata magana da ban cika ganinta a shafinku na kimiyya da fasaha ba. Kuna kawo mana labarin sababbin wayoyi da farashinsu, kuna kawo na ƙirƙirarriyar basira, mun gode. Amma abin da mai koyon rubuta manhaja yake fara kamawa da hannunsa, wato manhajar da yake rubutu a cikinta, ba a cika waiwayarta ba. Ni malami ne, ina koyar da kwamfuta da yamma a wani ɗan shago kusa da titin Bauchi a nan Jos, kuma maganar ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Ba Word nake nufi ba, wadda ake ƙawata takardar neman aiki da ita. Ina nufin manhajar rubutu zalla, wadda ba ruwanta da ado, haruffa kawai take ajiyewa, kuma a cikin irinta ake rubuta manhajojin da ke cikin wayoyinmu. A cikinsu akwai waɗanda aka gina yadda mai amfani zai iya ƙara musu aiki da kansa ba tare da ya nemi izinin kowa ba. Fitattu su ne Emacs da Vim, sai VS Code ta kamfanin Microsoft wadda yaranmu suka fi sani. Richard Stallman ne ya fitar da GNU Emacs a 1985. Gindinta da wani harshen rubuta manhaja mai suna C aka rubuta shi, amma mafi yawan abin da take yi da wani harshe ne mai suna Emacs Lisp, kuma wannan harshe a buɗe yake ga duk wanda ya zauna a gabanta. In wani maɓalli bai yi maka ba, nan take za ka sauya masa aiki, ba sai ka rufe ka sake buɗewa ba. Vim kuwa Bram Moolenaar ne, mutumin Holan, ya fitar da ita a 1991, ya kuma riƙe ta har mutuwarsa a watan Agustan 2023. Bai taɓa sa mata kuɗi ba. Abin da ya roƙa shi ne wanda ya ji daɗinta ya taimaki yara mabuƙata a Uganda.

To, ina ruwan Bahaushen Jos da a ɗauke waɗannan manhajoji a kai su waya ko burauza? Ruwanmu ne ya fi na kowa. Yawancin ɗaliban da ke zuwa wurina daga Unguwar Rogo da Gangare da Dilimi ba su da laftof. Abin da ke aljihunsu wayar Android ce, wani lokaci ma ta yaya ce ko ta mama, aro aka ba su na 'yan sa'o'i. In sun tashi daga aji suna son maimaita darasi, sai su nufi kafe, wato shagon hayar kwamfuta da intanet, a Terminus, kuma mai kafe ba zai bari kowa ya girka masa wani abu a kwamfuta ba. Ban ga laifinsa ba, da ita yake cin abinci. Ƙofa biyu ke nan suka rage wa yaron: wayar hannunsa, da burauzar da ke kan kowace kwamfutar haya. Manhajar da ba ta bi ta ɗaya daga cikinsu ba, ba za ta same shi ba, kome kyanta.

Wannan ƙaura ba yau aka fara ta ba. Moolenaar a kan wata kwamfuta mai suna Amiga ya rubuta Vim. Kamfanin Commodore da ke ƙera ta ya durƙushe a 1994, amma Vim ba ta bi shi ba, domin an riga an kai ta kan wasu tsare-tsaren kwamfuta, Unix da MS-DOS, daga baya Windows da Mac. Haka Emacs ta yi ta bin na'urori iri-iri. Abin da ya ba su wannan dama shi ne tsarin gininsu: sashen da ke magana da na'ura kai tsaye, mai zana harafi a allo, mai karɓar maɓalli, mai buɗe fayil, an ware shi gefe guda. In an zo sabon wuri shi ake sake rubutawa, sauran jikin ya biyo baya.

A watan Fabrairun 2025 aka fitar da Emacs 30.1, kuma a cikinta ne ta shiga Android a hukumance. Wani mai suna Po Lu ne ya ɗauki nauyin mafi yawan aikin. Na so a ce jaridunmu sun ba wannan labari ko da ɗan gurbi ne, domin aikin ba ƙarami ba ne. Sai da ya rubuta wa manhajar sabon sashen zana haruffa na kanta. Sai da aka sama wa maɓallan Ctrl da Alt mafita, tunda kibod ɗin waya ba shi da su kuma Emacs ba ta motsi sai da su, aka ƙara wani layi na 'yan maɓallai da ake dannawa da yatsa. Kibod ɗin waya ma ba harafi ɗaya-ɗaya yake aikawa ba kamar na kwamfuta. Yana tara kalma, yana canka abin da kake nufi, yana komawa baya ya gyara, don haka dole aka koya wa Emacs karɓar rubutu ta wannan hanya. Ga kuma dokokin Android da suka hana manhaja yawo cikin foldar da ba tata ba. Na girka ta a wayata. Gaskiya rubutu mai tsawo da babban yatsa akwai wuya, amma in aka haɗa wayar da ƙaramin kibod na Bluetooth, yaro ya sami wurin aiki na sosai a kan tabarmar ɗakinsu, ko an ɗauke wuta.

Burauza ita ce mai wuyar sha'ani. A 2017 manyan burauzoji suka fara karɓar wata fasaha mai suna WebAssembly, wadda ke ba da damar a ɗauki manhajar da aka rubuta da C a juya ta yadda za ta yi aiki a cikin shafin intanet. Manhajar juyawar da aka fi amfani da ita Emscripten ce, ta Alon Zakai. Da jin haka mutum zai ɗauka magana ta ƙare, a zuba Vim ta nan ta fito ta can. A 2018 wani ɗan Japan ya yi hakan, ya kira aikinsa vim.wasm, kuma matsalar da ya ci karo da ita ta isa darasi. Vim a ɗabi'arta tsayawa take yi cik tana jiran ka danna maɓalli, ba ta yin komai sai ka danna. Shafin burauza kuwa ba a yarda ya tsaya haka ba. In ya tsaya jiran wani abu, komai ya daskare, har maɓallin da ake jira ba zai sami hanyar shigowa ba. Mafitar da aka samu ita ce a ajiye Vim a wani sashe na bayan fage, shafin ya riƙa karɓar maɓallai yana ajiye mata a wata ma'adana da su biyu ke gani. Ita wannan ma'adanar haɗin gwiwa ma sai da burauzoji suka rufe ta a farkon 2018, lokacin da aka bayyana wata ɓarakar tsaro a cikin kwamfutoci mai suna Spectre, kuma da aka dawo da ita sai da sharuɗɗa.

Matsalar Emacs ta fi haka nauyi. Lokaci zuwa lokaci tana duba ma'adanarta ta zubar da abin da aka gama amfani da shi, kuma kafin ta zubar sai ta leƙa inda sashenta na C yake ajiye abubuwan da yake kan aiki da su. WebAssembly ta ɓoye wani ɓangare na wannan wuri, ba a iya leƙa shi. Wanda bai magance wannan ba, manhajar za ta iya zubar da abin da ake buƙata tana tsakiyar aiki. Bayan haka, rabin amfanin Emacs yana cikin kiran wasu manhajoji ne su yi mata aiki: git mai adana tarihin gyare-gyare, grep mai bincike cikin fayiloli, mai duba kuskuren rubutu, mai juya kod. Burauza ba ta barin shafi ya tayar da wata manhaja a kwamfutar mutum, kuma daidai ne, in ba haka ba da kowane shafin 'yan damfara ya shige mana har ɗaka. Amma sakamakon shi ne ƙari, wato ƙaramar manhajar da ake ɗora mata don ƙara mata aiki, wanda dubban mutane ke amfani da shi kullum, kamar Magit da ke dogara da git, zai iso burauza ba hannu ba ƙafa.

Wasu sun bi ta wata hanya. Masu Neovim, da suka ɓalle daga Vim a 2014, sun raba ƙwaƙwalwar manhajar da fuskarta, yadda kowa zai iya ɗinka mata fuska. Da haka aka yi Firenvim, mai sa Neovim ta bayyana a cikin akwatin rubutu na shafin intanet. Dabara ce mai kyau, sai dai dole Neovim ɗin tana girke a kwamfutar, wato bai warware matsalar yaron kafe ba. VS Code kuwa daga burauza ta taso tun asali. Zuciyarta, wadda ake kira Monaco, don shafin intanet aka fara yin ta a ƙarƙashin Erich Gamma, kafin a mayar da ita manhajar kwamfuta a 2015. Shi ya sa da aka buɗe vscode.dev, wato VS Code ta cikin burauza, a watan Oktoban 2021 abin ya zo da sauƙi. Ina tura ɗalibaina can, kuma tana taimakonsu ƙwarai. Amma su ma sun san ba duka aka kawo ba. Ƙari da yawa ba sa aiki a can sai masu su sun sake rubuta su don burauza. Buɗe folda sukutum daga kwamfuta a Chrome da Edge ake yi, a Firefox da Safari babu wannan ƙofa. Kuma masu Monaco da kansu sun faɗa cewa ba don burauzar waya suka yi ta ba.

Abin da nake so masu karatu su riƙe shi ne wannan. In an ce an kai manhaja sabon wuri, ganin taga ta buɗe da sunanta a sama bai isa ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu lambu a bakin Dilimi lokacin dashen tumatir ya ga yadda suke yi: ba sa fizgo shuka su karkaɗe ta, da saiwa da ƙasar jikinta suke ɗauka. Saiwar waɗannan manhajoji ita ce harshen da mai amfani ke sarrafa su da shi, da tarin ƙare-ƙaren da mutane suka rubuta shekara da shekaru. Akwai shafuka da dama da ke kwaikwayon maɓallan Vim ko Emacs, ka ga kama kamar me, amma ba za ka iya koya musu ko abu ɗaya sabo ba. Ni a wurina irin wannan ba ta iso ba tukuna.

Ko maɓallan ma rigima ce. A Vim, in kana cikin rubutu, Ctrl da W na goge kalmar da ke bayanka. A Emacs shi ne yanke abin da ka zaɓa. A burauza kuwa rufe shafi ne, kuma burauza ba ta sakin wannan maɓalli ga shafi a yanayin da aka saba, haka Ctrl da N, haka Ctrl da T. Wata ɗalibata, yarinya mai ƙoƙari da hannunta ya riga ya saba da Vim a aji, tana rubuta aikin gida a wani shafi mai kwaikwayon Vim. Ta yi kuskuren kalma, yatsunta suka tafi inda suka saba. Shafi ya rufe. Ta ɗago ta dube ni, ta ce, "Malam, ya tafi duka." Muka sake buɗewa, fari fat. Na ce mata, "Yi haƙuri 'yata, hannunki daidai ya yi." Haka ta zauna ta sake rubutawa daga farko, magariba na gabatowa, ga sanyin Jos ya fara sauka. Wanda ya yi wannan shafi da ya sa shi yana ajiye rubutu da kansa bayan kowane ɗan lokaci, ko ya yi tambaya kafin ya rufe, da ba a yi wannan asara ba. Duka biyun burauza ta yarda da su.

Sai maganar data da wuta. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da abin da ya kai kashi 50 cikin 100. Manhajar da sai ta sake sauko da kanta duk lokacin da aka buɗe ta, ko wadda ainihin aikinta a wata babbar kwamfuta ake yin sa a Turai ko Amurka, shafin kawai madubi ne, ba ta dace da aljihun ɗalibinmu ba. Sabis na yankewa, aiki ya tsaya. Alhali akwai hanyar da shafi zai ajiye kansa a burauza tun buɗewar farko, ya ci gaba da aiki ba intanet. Sannan a sani, abin da aka ajiye a cikin burauzar kafe ba ajiya ba ce. Mai kafe na share tarihin burauza da dare, ya tafi da shi. Dole a sa maɓalli babba, a fili, na sauke fayil zuwa filash ko waya.

Yanzu in zo kan abin da ya fi taɓa ni, wato harshenmu. Haruffanmu masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, da ƴ da 'yan uwanmu na Nijar ke amfani da shi, duk suna cikin Unicode, tsarin da ya ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta, tun tuni. Amma dubi yadda muke rubutu a Facebook da WhatsApp: wani ya sa k', wani ya bar k kawai, mai karatu ya yi ta canka. Akwai wani yaro a ajina da ya rubuta ɗan umarni a Emacs Lisp, bai cika rabin shafi ba, wanda ke bin rubutu yana mayar da k' da d' da b' zuwa ƙ da ɗ da ɓ, manya da ƙanana. Daga baya ya lura in ya sa manhajar ta jera sunayen 'yan aji, duk waɗanda suka fara da Ɗ sai su faɗo can ƙasa bayan Z, domin da lambar harafi take jerawa. Ya ƙara wasu layuka suka dawo da Ɗ bayan D, Ƙ bayan K, kamar yadda yake a ƙamus. Ya kwafi fayil ɗin nan ya kai wayarsa, ya yi aiki kamar yadda ya yi a kwamfutar shago. Babu wani kamfani a duniya da zai zauna ya yi mana wannan, domin ba su san muna da matsalar ba. Yaro ɗan Gangare ya yi wa kansa, saboda an bar masa ƙofa a buɗe. Wannan ƙofar nake tsoron a rufe in an koma burauza.

Ajami ma haka. Wani dattijo, tsohon ma'aikacin haƙar kuza, ya zo mini da takardun waƙoƙin wa'azi da mahaifinsa ya rubuta da ajami, a naɗe cikin leda, gefensu duk ya cinye. Ya ce, "Ɗana, so nake a sa su a na'ura kafin su ƙarasa." Emacs ta iya rubutun dama zuwa hagu tun fitowarta ta 24.1 a 2012, aikin Eli Zaretskii, kuma daga ta 27 tana amfani da wata manhaja mai suna HarfBuzz wajen haɗa baƙaƙe. Muka ɗora mata zubin haruffa na Alkalami, wanda ƙungiyar SIL ta yi a kan salon rubutun Kano. Da baiti na farko ya fito a allo, Baba ya matso da kujera, ya gyara tabarau, ya bi shi da yatsa yana karantawa a hankali, ya tsaya a wata kalma ya ce wasalin nan a ƙasa yake, ba a sama ba. Muka gyara. Amma da jikansa ya buɗe fayil ɗin a wata manhajar rubutu ta burauza a kafe, wasu baƙaƙen sun koma 'yan akwatuna, in ya danna kibiyar hagu alamar rubutu ta tafi dama. Ba a yi shafin da tunanin masu irin rubutunmu ba. Abin takaicin, shafin intanet na iya ɗauko zubin haruffansa ya taho da shi, kuma burauza da kanta ta ƙware a rubutun dama zuwa hagu. Marijn Haverbeke, mai wata manhajar rubutu ta burauza mai suna CodeMirror, da ya sake gina ta a fitowa ta 6 a 2022, ya jingina da abin da burauza ta riga ta iya, don kibod ɗin waya da irin wannan rubutu su yi aiki yadda ya kamata. Ashe abu ne mai yiwuwa in an sa shi a rai tun farko.

Saboda haka ina da roƙo ga ɓangarori uku, kuma na fara da kanmu. Yawancin masu wannan aiki 'yan sa-kai ne, ba za su gyara abin da ba a gaya musu ba. Matasanmu da suka iya Turanci su daina yin shiru in harafi ya ƙi fita. A cikin Emacs akwai umarnin aika rahoton matsala, report-emacs-bug, sauran kuma suna karɓar rahoto a GitHub, shafin da masu manhajoji ke ajiye aikinsu. A rubuta gajeren misali da ƙ ko da layi ɗaya na ajami, a faɗi irin wayar da irin burauzar, a aika. Na biyu, ga masu tafiyar da 3MTT, shirin horar da 'yan Najeriya miliyan uku kan fasaha da ministan sadarwa Bosun Tijani ya ƙaddamar a 2023, da hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta NITDA, da sashen kimiyyar kwamfuta na Jami'ar Jos: a sa irin wannan cikin ayyukan da ake ba ɗalibai. Ƙari na buga haruffan Hausa da zai yi aiki a vscode.dev, jerin kalmomi na duba kuskuren rubutu, tsarin buga ajami da kibod na boko, duk ayyuka ne da ɗalibin shekarar ƙarshe zai iya gamawa, kuma za a ci moriyarsu bayan ya karɓi sakamako.

Na uku gare ka ne, ranka ya daɗe. A ɗan ware gurbi a shafin fasaha, ko sau ɗaya a wata, a riƙa nuna wa matasa kayan aiki na kyauta da za su iya buɗewa a waya ko a kafe, da yadda ake fitar da haruffa masu ƙugiya a cikinsu. In ana buƙatar wanda zai rubuta darasin farko, ni da ɗalibaina a shirye muke, kuma ɗan umarnin nan na gyaran ƙ da ɗ da ɓ za mu bayar kyauta ga duk mai so, har da masu buga muku labarai.

Na gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka, ya ba mu zaman lafiya a Filato da ƙasa baki ɗaya.

Naku,
Malamin kwamfuta,
Titin Bauchi, Jos.